Masu ciyar da mu a bakin hanya

Wanda ya shiga motar haya a tashar Na'ibawa da ke Kano zai tafi Abuja ba shi ke zaɓen inda zai ci abinci ba. Direba ne ke zaɓa. Inda ya taka birki ya ce a sauka a yi salla, nan za a ci, ko kuwa a ɗaure ciki har gaba. Mai motar kansa ya fi samun sarari, amma shi ma sau da yawa bai san inda zai dosa ba. Sai ka ga mutum ya wuce garuruwan da ake tuƙa tuwo mai rai da lafiya, ya je ya tsaya a gidan mai ya sayi biskit da lemon kwalba, yana cewa abincin hanya ba shi da tsafta. An yi asara biyu ke nan: matafiyi ya rasa abinci mai kyau, gari ya rasa ciniki. Tsoron da yake ji yana da tushe, ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora laifin duka a wuyan mai abinci, alhali wanda ya kamata a tuhuma yana can ofis, kullum yana turo yaransa da rasit.

Daga Kano zuwa Zuba, ƙofar Abuja, tafiyar kusan kilomita 375 ce, kuma da wuya ka sami gari a kan hanyar da ba shi da abin da aka san shi da shi. Kana fita Kano ka shiga ƙasar Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga ya mayar da noman shinkafa sana'ar rani da damina. A Kwanar Gafan, in lokacin tumatir ya yi, kwanduna ne jere har ido ya gaji. Dakatsalle an san ta da kaji. Tashar Yari, a ƙasar Makarfi, rake ne da mazarƙwaila. In ka wuce Zariya ka doshi Kaduna sai Mararrabar Jos, can gaba kuma Tafa, garuruwan tireloli da tankokin mai, inda murhu ba ya mutuwa dare da rana. In gabas ka nufa, hanyar Maiduguri, akwai Wudil da kasuwar shanunta ta ranar Juma'a, akwai Azare da wainar da mutanen jihar Bauchi ke alfahari da ita, akwai Potiskum mai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Da damina kuwa ko'ina ka tsaya akwai dafaffiyar masara, ɗanyar gyaɗa da ƙwan zabo.

Ba wata jarida ce ta tallata waɗannan garuruwa ba. Baki ne ya kai su inda suka kai, bakin direba zuwa kunnen direba.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yadda ake gane wurin abinci mai kyau a garin da bai sani ba, nakan ce ya duba inda manyan motoci suka yi layi. Direban tirela ba baƙo ba ne a hanya. Yau ya wuce, mako mai zuwa zai dawo, haka shekara da shekaru. In mai abinci ta zuba masa miyar jiya cikinsa ya ɓaci a tsakiyar daji da lodin buhu ɗari shida a bayansa, ba zai sake tsayawa ba, kuma kafin sati ya zagayo duk 'yan uwansa sun ji. Saboda haka rumfar da direbobi suka riƙe shekaru tana da shaidar da ta fi kowane allo mai fenti. Ga kuma abu na biyu: inda ake yawan ci, tukunya ba ta kwana. Abinci mai zafi da aka sauke yanzu shi ne mafi aminci, ko da a ƙarƙashin rumfar zana aka dafa shi. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ya yini a cikin kula ko bayan gilashi, ba zafi ba sanyi, a wurin da mota ɗaya ke tsayawa cikin awa guda, komai kyan kujerunsa.

Sai kuma lokaci. Waina da ƙosai na safe ne, a ci su suna fitowa daga tanda da kasko. Tsire daga la'asar yake farawa, kuma in ka iso gari ranar kasuwarsa ka dace, domin naman yankan safiyar ranar ne. Ka tsaya ka ga mai tsire ya jera tsinkayen a gefen wuta a gabanka, ya juya, ya yayyafa mai, maimakon ka karɓi wanda aka riga aka naɗe a takarda tun ɗazu. Fura kuwa a dama maka ita kana kallo, ka kuma lura da ruwan da aka zuba da ƙanƙarar da aka jefa, don ciwon da ake ɗora wa nono sau da yawa na ruwa ne.

Akwai wata rumfa da nake tsayawa a wani ƙaramin gari tsakanin Kano da Zariya. Kwano ne a sama, benci uku, tabarma a gefe ga mai son zama a ƙasa. Mai wurin dattijuwa ce, direbobi Iya suke ce mata. Tuwon shinkafa take yi da na masara, miyar kuka da ta kuɓewa busasshiya, sai wake da shinkafa da mai da yaji ga mai sauri. Direba zai shigo yana goge fuska da hula ya ce, "Iya, barka da aiki, a sa min na kullum." Ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan, ya ka baro su?" Ba ta tambayarsa malmala nawa, ta sani. Wanda kuɗinsa ya gaza takan ce ya kawo in ya dawo. Abin da ya sa na riƙe wurin tun farko shi ne bahon wanke-wankenta guda uku: na kumfa, na ɗauraya, da na ɗauraya ta biyu, sannan a kife kwanukan a kan wani gadon kara rana ta busar da su. Na taɓa ce mata, "Iya, wannan ruwa haka ai da tsada." Ta ce, "To ya za a yi, Malam? Saye muke yi." Kowace jarka daga hannun ɗan garuwa take zuwa, kuma daga ribarta ake cire kuɗin.

Nan maganar take. Mai abincin da kake gani tana tsoma kwano hamsin a ruwa ɗaya har ya yi kauri, ba lallai ƙazanta ce halinta ba. Lissafi take yi. In ta ƙara jarka biyar, ribar yinin ta tafi. Iya ta zaɓi ta rage riba, Allah ya saka mata, amma ba za a gina lafiyar dubban matafiya a kan kirkin mutum ɗaya ba. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya bisa ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, ta kashe fiye da 3,500, kuma jihohin da suka fi jin jiki namu ne: Bauchi, Jigawa, Kano, Zamfara. Cutar nan ta ruwa ce da bayan gida. Garin da motoci ɗaruruwa ke tsayawa kullum, kowa ya ci ya sha, amma babu famfo babu bayan gida sai bayan rumfuna da bakin kwalbati, ai ba sai an tambayi likita abin da zai biyo baya ba in ruwan sama ya sauka.

Maganar bayan gida ita ce wadda ba mu cika son yi ba, kuma mata ne ke shan wahalarta. Namiji zai ɗauki buta ya zaga bayan wata bishiya. Mace fa? Na san mata da yawa, cikinsu har da 'yan uwana, da ba sa shan ruwa tun daren da za su yi tafiya. Za su yini a mota cikin zafin watan Afrilu, leɓe a bushe, ana miƙo ruwan leda ta taga suna girgiza kai, don kawai kada buƙata ta taso a inda babu sutura. Mai ciki haka, mai shayarwa haka, tsohuwa mai ciwon suga haka. In mota ta tsaya maza suka sauka cin tuwo, da yawansu suna ciki a zaune, ba don ba sa jin yunwa ba. Wanda bai taɓa tafiya da mahaifiyarsa ko matarsa ya ga wannan ba, ba zai gane girman abin ba. Kuma ko ta fuskar ciniki aka duba, fasinjoji da yawa ne ke ƙin cin abinci saboda rashin ɗaki guda mai ƙofa.

To aikin wa ne? Ba sai an yi dogon bincike ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai kafawa da kula da mahauta, kasuwanni, tashoshin mota da bayan gidan jama'a, akwai kuma sa ido a kan gidajen abinci, gidajen biredi da duk inda ake sayar wa jama'a abin ci. Ɓangaren karɓar kuɗi na wannan aiki bai taɓa mutuwa ba. Mai shayi, mai tsire, mai tuwo, har yarinya mai faranti a ka, kowa ya san ɗan rasit. Ɓangaren yi wa mutane aiki ne aka bari. Manyanmu suna ba da labarin duba-gari na da, wanda zai leƙa randa ya duba kwata, mutane suna shakkarsa. Har yanzu akwai ma'aikatan lafiyar muhalli a ƙananan hukumomi, sai dai ko sun zo, me za su ce wa matar da ba a ba ta ruwa ba? Tara za su ci ta, ta biya, gobe ta koma bahonta ɗaya.

An daɗe ana cewa ƙananan hukumomi ba su da kuɗi, gwamnoni sun riƙe. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, gaskiya ne. Amma rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a sama, da bayan gida mai ɗakuna shida, ba aikin biliyoyi ba ne. Abin da ake tarawa daga masu sana'a a tasha ɗaya mai ciniki, da ana ajiye shi inda ya kamata, da ya yi nisa a wannan aiki.

Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suke tashi daga Kano da Katsina su nufi Gonja neman goro, har kasuwar Salaga a Ghana ta yau, tafiyar watanni suke yi da jakuna a ƙarƙashin madugu, zango zuwa zango. Sarakunan kan hanya suna karɓar kuɗin wucewa, amma ayari yana samun wurin sauka, yana samun ruwa, matan gari suna fitowa da abincin sayarwa, a manyan garuruwa kuma akwai fatoma mai saukar da baƙo ya tsare masa kaya. Garin da ya wulaƙanta fatake, madugu yana iya canza hanya ya bar shi. Sun gane cewa mai wucewa arziki ne, kuma ana yi masa hidima kafin a ci moriyarsa.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa wa direbobin haya, duk da girmamawar da nake yi musu. Kowa ya san al'adar nan: direba ya sauke fasinja goma sha takwas a ƙofar gidan abinci, shi a shigar da shi ciki a cika masa faranti da nama kyauta, wani lokaci har da na kai wa gida. Ban ga laifi ba a karrama wanda ya kawo ciniki. Laifin shi ne in kyautar ce kaɗai ta sa ake tsayawa, abincin fasinja kuwa ga tsada ga rashin kyau, kuma ba wata rumfa kusa da zai koma. A nan kuɗin naman direba daga aljihun fasinja ya fito. Ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da reshe a kusan kowace tasha, tana iya ladabtar da direban da ya yi lodi ba bisa layi ba. In ta so, tana iya cewa motocinta ba za su tsaya ba sai inda akwai ruwa, wurin alwala da bayan gidan mata. Ranar da aka yi haka, masu gidajen abinci da kansu za su haɗa kuɗi su gina.

Abin da ya fi damuna a yanzu shi ne sabon titi. Tun 2018 ake aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, ita kuwa ta Kano zuwa Maiduguri tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da ita mai hannu biyu. Duk muna son titi mai kyau, mun binne mutane da yawa saboda ramuka. Amma titi mai santsi da shingen kankare a tsakiya yana raba gari biyu. Rumfar da ke hannun dama ta rasa duk mai tahowa ta hagu. Mota tana gudun da ba ta yi a da, ba gefen da aka tanada don tsayawa, sai direba ya ɗan raɓe a kafaɗar titi, tirela na wucewa ta gefensa. Su kuwa yara 'yan talla, yawanci mata ƙanana da ya kamata a ce suna aji, su ne ke bin mota da gudu, faranti a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana miƙa canji ta taga. Duk wanda ya saba bin hanya ya ji labarin yarinyar da mota ta kaɗe a irin wannan gudu. Ba na kare talla. Amma wa'azi kaɗai ba zai hana ta ba muddin abinci sai an kai shi taga. In akwai fili a gefe inda mota za ta shiga ta kashe inji, fasinja ya taka da ƙafarsa zuwa rumfa, uwar yarinyar ce za ta sayar tana zaune.

Abin da hukuma ta fi iyawa in cunkoso ya yi yawa shi ne rusau. A wayi gari a ga katafila ta share rumfuna, an ce sun shiga titi. Wani lokaci da gaske sun shiga, kuma cunkoson tireloli a Tafa da Mararrabar Jos ba ƙaramar azaba ba ce ga mai wucewa. An sha yin maganar gina wa manyan motoci wurin ajiyewa a waɗannan garuruwa, kuma abu ne da ya dace. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kullum tana jan kunnen direbobi su huta bayan kowace awa huɗu a kan sitiyari. To a ina za su huta? Sai dai ina jin tsoron yadda irin wannan aiki yake ƙarewa: a gina katafaren wuri mai gilashi, a sa kuɗin hayar shago da Iya ba za ta iya biya ba ko ta sayar da tukwanenta, a ba wani mai uwa a gindin murhu, shi kuma ya kawo soyayyar shinkafa da kazar gidan gona irin wadda ake samu a kowane birni. Wanda ya riƙe wurin shekara talatin a rana da ƙura shi ya kamata a fara ba rumfa, a kan kuɗin da zai iya.

Masu abincin nan sun sha wuya a 'yan shekarun nan, kuma ba wanda ya lissafa da su. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, satar mutane a yankin Rijana da Katari ta kori masu hali zuwa jirgin, waɗanda suka rage a mota kuma ba mai son tsayawa. Farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya zo, matar da ba ta da asusun banki ta zauna da tukunya cike, masu saye da kuɗi a waya amma ba a hannu ba. A ƙarshen Mayun shekarar aka cire tallafin fetur, tafiya ta ragu, shinkafa da mai suka tashi. Duk da haka suna nan. Yanzu za ka ga lambar asusu an rubuta da fenti a jikin kwanon rumfa, ko a ce ka tura wa mai POS na gefe. Sun bi zamani da kansu, ba wanda ya koya musu.

Mu matafiya ma akwai namu. Mutum zai biya duk abin da aka rubuta a gidan abincin birni bai ce uffan ba, amma ya zo ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa a kan naira ɗari, injin motarsa a kunne. Wani ya ci ya wurgar da leda da tsinken tsire a gaban rumfar, gobe shi ne mai cewa garin da datti. In ka ci ka ji daɗi ka faɗa mata, ka kuma faɗa wa wasu. Masu ɗaukar bidiyon abinci suna sawa a Facebook da TikTok sun cika Kano da Abuja, da za su fita su bi hanya da sun yi wa ƙananan garuruwa babban amfani, muddin sun nemi izini kafin su ɗora fuskar matar aure a intanet. In kuma ka ga abin gyara, ka ce, "Hajiya, da an canza ruwan nan," cikin mutunci, ba a gaban jama'a ba. Yawanci suna ji, domin sun fi kowa sanin cewa mai dawowa shi ne jari.

Ga shugaban ƙaramar hukumar da babban titi ya ratsa ƙasarsa, abin da nake roƙo bai wuce wannan ba. Fili a kowane hannu na titi inda mota za ta fita daga kan kwalta gaba ɗaya. Rijiyar burtsatse da famfuna a bayan rumfuna, ba a gidan mai unguwa ba. Wurin zuba shara da wanda zai kwashe. Bayan gida, na maza daban na mata daban, nesa da rijiyar, na matan da ƙofa mai sakata daga ciki da fitila saboda masu isowa da dare. Makullin kuma kada a kai shi sakatariya, domin mun ga bayan gidan gwamnati da yawa da aka buɗe da biki aka kulle bayan wata guda. A damƙa shi ga masu abincin wurin da reshen direbobi, su sa mai shara da mai kula da famfo, su riƙa biyansa daga wani kaso na kuɗin rasit ɗin da ake karɓa a hannunsu kullum, a kuma rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a allo inda kowa zai gani.